Yadda Ake Ja da Mai Gabatar da Shiri a Rediyo Ba Tare da An Katse Maka Layi Ba

Duk wanda ya saba sauraron shirye-shiryen kiran waya a gidajen rediyon Kaduna ya san yadda akasarin musu ke ƙarewa. Mai kira ya shigo da zafinsa, ya cinye rabin lokacinsa a gaisuwa, ya ce wa mai gabatarwa "ai ku 'yan jarida duk an saye ku", sai ka ji ɗif. Can sai murya ta dawo cikin natsuwa: "Da alama layin ya katse, bari mu ɗauki wani." Mai kiran ya huce haushinsa, katinsa ya tafi, ita kuwa maganar da ta sa shi kiran tana nan daram a kunnen masu shayi a Kawo da matan aure a Tudun Wada da direbobin Keke a Rigasa.

Abin da ya kamata ka fara sa wa a ranka shi ne ba ku yi daidai da mai gabatarwa ba. Shi ke da makirfo, shi ke da maɓallin katse layi, shi ke da maganar ƙarshe, gobe ma shi zai dawo. Kai minti ɗaya kake da shi, in an yi maka karamci biyu. Don haka kada ka shiga da burin kayar da shi. Masu sauraro kake yi wa magana, kuma cin nasararka shi ne ka bar musu tambaya guda wadda za su lura ko an amsa ta ko an kauce mata.

Fara sanin filin da za ka shiga

Da can rediyo a garin nan murya ɗaya ce, ta gwamnati. Gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyo da talabijin na Arewa a 1962, shi ne ya zama Rediyon Tarayya na Kaduna, gidan Hannu Da Yawa da Jakar Magori. Sai a 1992 aka yi dokar da ta kafa Hukumar Kula da Kafafen Watsa Labarai ta Ƙasa, wato NBC, ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. Yau ga Karama da Supreme na tarayya, ga tashoshin KSMC na gwamnatin jiha, ga masu zaman kansu irin su Nagarta da Alheri da Liberty da Freedom da Invicta. Kowace tasha tana da mai ita, kuma kowane mai tasha yana da inda ba ya son a taɓa. Sanin haka ba zargi ba ne, sanin hanya ne kafin tafiya.

Abin da ya fi mallakar tasha muhimmanci shi ne mallakar filin. Akwai shirin da tasha ta tsara da kanta, ma'aikacinta ke gabatarwa, editanta ke da alhakinsa. Akwai kuma filin da wani ya saya: jam'iyya, ko ƙungiyar magoya bayan wani ɗan siyasa, ko ma'aikatar gwamnati, ko mai maganin gargajiya. Kasa kunne a farkon shiri da ƙarshensa, za ka ji "wane ne ya ɗauki nauyi", ko "ra'ayoyin da kuka ji ba na wannan tasha ba ne". In filin saye ne, wanda ke magana aikin da aka biya shi yake yi, irin waɗanda ake kira sojojin baka. Neman adalci daga gare shi ɓata kati ne. Abin da za ka iya yi a nan shi ne ka gyara ƙarya guda ɗaya bayyananniya, ko ka kai kukanka ga tashar. A shirin da tasha ke da shi kuwa kana da cikakken hurumin cewa a ji ɗaya ɓangaren, domin ƙa'idar aikinsu ce ta ɗora musu hakan.

Sai ka bambance mai gabatarwa da baƙonsa. Sau da yawa baƙo ne ya saki maganar, laifin mai gabatarwa kawai shi ne bai tare shi ba. To ka faɗi hakan yadda yake: "Malam, baƙonka ya ce kaza, na so a ce ka tambaye shi hujjarsa." Wannan ya fi ka ɗora masa abin da bai faɗa ba.

Kama maganar yadda ta fito

Yawancin masu ja da 'yan rediyo a nan suke faɗuwa. Suna ja da abin da suka ɗauka an ce, ko abin da aka ba su labari a majalisa, shi kuwa mai gabatarwa da ya ce "ni ban faɗi haka ba" shi ke nan magana ta mutu. Rubuta jimlar a lokacin da aka faɗe ta, da sunan shirin da ranar da ƙarfe nawa. In wayarka na kusa, naɗi muryar. Tashoshi da dama suna watsa shirye-shiryensu kai tsaye a Facebook, bidiyon kan zauna a shafinsu, sai ka koma ka sake ji da kunnenka kafin ka ɗaga waya.

Da ka kama jimlar, tambayi kanka wace iri ce. In mutum ya ce "gwamnatin nan ba ta kyauta wa talaka ba", ra'ayinsa ne, kana iya kawo naka amma ba za ka ce ƙarya ya yi ba. In ya ce "an kashe naira biliyan kaza a kan titin unguwar kaza", wannan magana ce da takarda za ta iya gaskatawa ko ta ƙaryata. In kuma ya ce "wata majiya ta shaida mana", ko "ana raɗe-raɗin", to jita-jita ce ya sa wa riga. Kowacce da irin tambayarta. Ta biyun ita ce ta fi daɗin kamawa, ita nake ba ka shawarar ka fara koyon ja a kanta.

Nemo hujja, kuma ka san inda harshe ke zamewa

Nan ne aikin yake, nan kuma ya kamata ka daɗe.

Fara da alƙaluma. Lambar da aka fara faɗa ranar da abu ya faru ba lallai ta zama ta ƙarshe ba. Lokacin da aka sace ɗaliban Kuriga a ƙaramar hukumar Chikun a watan Maris na 2024, rahotannin farko sun ce 287 ne. Da aka sako su, hukumomi suka ce 137 ne. Mai gabatarwa da ya riƙe ɗaya daga cikin lambobin nan ya yi shiru a kan ɗayar bai ba masu sauraro cikakken labari ba, kuma tambayar da ta dace da shi gajeriya ce: wannan adadin na wace rana ne, kuma wa ya bayar da shi?

Sai maganar kuɗin gwamnati, inda ake yawan cakuɗa abu uku: abin da aka ware a kasafi, abin da aka saki, da abin da aka kashe a ƙasa. "An ware biliyan biyar don asibitoci" ba ya nufin biliyan biyar ta bar baitulmali. Mai yabon gwamnati yakan faɗi abin da aka ware kamar an riga an yi aikin, mai suka kuma yakan faɗe shi kamar an riga an cinye kuɗin. Duka biyun tambaya ɗaya ke kama su. Hukumar Tsare-tsare da Kasafi ta jihar Kaduna tana sa kasafin a intanet, akwai kuma rahoton aiwatar da kasafi da ake fitarwa bayan kowane wata uku. Kason da jiha da ƙananan hukumominta 23 ke samu daga asusun tarayya ana wallafa shi wata-wata. Bashin da ke kan kowace jiha, na gida da na waje, Ofishin Kula da Basussuka na tarayya yana fitar da shi. In aka ambaci bashi a rediyo, tambayi na dala ne ko na naira, domin faɗuwar darajar naira kaɗai tana kumbura bashin waje ko ba a ciyo sabo ba.

Haka batun tsadar rayuwa. In Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta sauka, abin da take nufi shi ne gudun tashin ya ragu. Ba ta ce mudun shinkafa ya sauko a Kasuwar Barci ba. Masu gabatarwa da yawa kan karanta wannan labari kamar an ce kaya sun yi araha, masu kira kuma su yi ta rantsuwa cewa ƙarya ce, alhali kowa maganarsa daban.

Wani wurin zamewar shi ne ɗora laifi ko yabo a kan wanda ba shi ke da abin ba. Babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano ta gwamnatin tarayya ce. 'Yan sanda da sojoji ma na tarayya ne, gwamna ba shi ke ba su umarni kai tsaye ba. A harkar wuta, kamfanin Kaduna Electric rarrabawa yake yi a jihohin Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Zamfara, wani kamfanin daban ke dakon wutar a manyan layuka, wasu daban ke samar da ita. In ka san wannan rabon, sau da yawa ba ka ma buƙatar wata takarda, tambayar "Malam, wannan aikin hurumin wa ne?" ta wadatar.

In labari ne mai yawo a WhatsApp aka kawo rediyo, duba ko masu tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check sun riga sun bi sawunsa. In takardar gwamnati kake nema ba ka samu ba, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta wa ma'aikata, ta kuma ba ta kwana 7 ta amsa. Ba kullum suke amsawa ba, amma kwafin wasiƙarka mai hatimin karɓa ita ma hujja ce da za ka iya ambata a iska.

Af, akwai filin da mutane ba su cika ja da shi ba alhali ya fi na siyasa haɗari: na masu magani. Mutum zai yi rabin sa'a yana cewa garinsa na warkar da ciwon suga da hawan jini da basir da rashin haihuwa, ya rufe da "muna da lambar NAFDAC". Lambar da wannan hukuma mai kula da ingancin abinci da magunguna ke ba maganin gargajiya, wadda ke ƙarewa da harafin L, shaida ce cewa an duba ba a ga cutarwa a cikinsa ba. Ba shaidar yana warkarwa ba ce. In an buɗe layi, tambaye shi cikin ladabi ya karanto lambar, ya kuma faɗa ko yana cewa mai ciwon suga ya ajiye maganin asibiti. Amsar da zai bayar za ta amfani wata tsohuwa da ke sauraro fiye da duk wata muhawarar jam'iyya.

Tsara mintinka kafin ka buga

Zaɓi magana ɗaya. Ko biyar suka ɓata maka rai, ɗauki wadda hujjarka ta fi ƙarfi a kanta, domin in ka jero biyar zai zaɓi mafi rauni ya amsa, ya bar sauran. Rubuta ta a takarda, ka karanta da ƙarfi kana duban agogo. In ta wuce daƙiƙa 40, rage.

Ga yadda za ta iya kasancewa:

"Assalamu alaikum Malam, barka da aiki, daga Unguwar Rimi nake kira. Ɗazu ka ce an kashe kuɗin gyaran asibitin nan gaba ɗaya. Abin da na gani a kasafin bana warewa aka yi, ban ga inda aka ce an saki ba. Don Allah wace takarda ce ta nuna an fitar da kuɗin? In akwai, a karanta mana mu ƙaru."

Sallama ɗaya, gaisuwa ɗaya. Gaida iyali da abokan arziki na filin Zaɓi Sonka ne. Ka maimaita maganarsa yadda ya faɗe ta, ka faɗi abin da ka gani da inda ka gan shi, ka rufe da tambayar da ba a amsa ta da "to, Allah ya kyauta". Ka kuma bar masa ƙofar fita da mutuncinsa. "Wataƙila akwai abin da ban gani ba" ba rauni ba ne, ita ce ke sa ya yi wuya a katse ka, domin duk mai sauraro ya ji ba da faɗa ka zo ba.

Kira shi yadda ya dace da shi. Malam ko Malama, Alhaji ko Hajiya in haka aka san su, ranka ya daɗe in dattijo ne ko mai sarauta, Allah ya gafarta Malam in malamin addini ne. A filin malamai ma salon daban ne: ba a cewa "ka yi kuskure", cewa ake "Allah ya gafarta Malam, a wane littafi za mu samu wannan, don mu koma mu duba?" Malamin ƙwarai yana jin daɗin wannan tambaya.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma su ke kashe kira: sa isasshen kati, tsaya inda sabis ke da ƙarfi, kashe rediyonka da zarar an ɗauka, fara bugawa tun da aka buɗe layi kada ka jira minti biyar na ƙarshe. In furodusa ne ya fara ɗauka ya tambayi abin da za ka ce, gaya masa gaskiya a jimla ɗaya.

Idan ya fara zillewa

Gogaggen mai gabatarwa yana da hanyoyin kauce wa tambaya, kuma ba su da yawa. Zai iya juyowa kanka: "Kai ɗan wace jam'iyya ne?" Amsa masa a taƙaice, "Malam, ko ta wacce nake, tambayar tana nan", ka maimaita ta. Zai iya cewa "ai kowa ya san haka", sai ka ce "to a taimaka wa irina da ban sani ba, ina aka samo?" Zai iya kawo laifin gwamnatin da ta wuce ko na ɗaya ɓangaren, sai ka yarda cewa wancan ma abin tattaunawa ne, amma yau wannan aka faɗa. Zai iya mayar da abin raha. Yi dariyar tare da shi, sannan ka dawo kan tambayar.

Sau biyu ake maimaita tambaya. In ka yi na biyu bai amsa ba, yi godiya ka ajiye waya da kanka, masu sauraro sun riga sun ji. Kada ka ɗaga murya, kada ka yi magana a kan tasa, domin na'urar ɗakin tana fifita makirfonsa a kan layinka, hayaniya kawai za a ji daga ɓangarenka. In kuwa ya kawo hujjar da ta fi taka, ce masa "na gamsu, na gode". Wanda aka san yana karɓar gyara, ranar da ya ce bai yarda ba ana saurarensa.

Abin da ba a faɗa a iska a garin nan

Kaduna ta san abin da kalma ke jawowa. Rikicin watan Nuwamba na 2002 daga rubutun jarida guda ya taso, ga na 2000 da na bayan zaɓen 2011 da har yau ake ganin tabonsu a yadda unguwanni suka rabu tsakanin arewa da kudancin kogi. Saboda haka ja da mutum ɗaya a kan magana ɗaya. Da zarar ka ce "ku mutanen kaza" ko "'yan addinin kaza", ka bar gyara ka shiga wani abu daban, kuma in aka katse ka an yi daidai.

Akwai kuma doka. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba ka 'yancin faɗin ra'ayi, sashe na 45 ya ba da damar taƙaita shi don zaman lafiya da kare haƙƙin wasu. Ka ce wa mutum ɓarawo ko an ba shi na goro ba tare da hujja ba, ɓata suna ne, ana iya kai ka kotu a kansa. In ka kwashe faɗan ka kai Facebook, sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, shi ne aka sha kama mutane da shi.

Ita ma tashar a tsorace take. A watan Agusta na 2020 NBC ta ci gidan rediyon Nigeria Info na Legas tarar naira miliyan 5 saboda kalaman da baƙonsu, marigayi Dokta Obadiah Mailafia, tsohon mataimakin gwamnan Babban Banki kuma ɗan jihar nan, ya yi a shirinsu. Baƙo ya yi magana, tasha ta ɗauki hukunci. Shi ya sa yatsan mai gabatarwa ke kan maɓalli da ya ji ka doshi zargi mai nauyi. Ba kowane katsewa ne rashin gaskiya ba.

In layi bai shiga ba, ko abin ya fi ƙarfin kira

Tura saƙon tes ko na WhatsApp zuwa lambar shirin, gajere, da sunanka da unguwarku. Masu gabatarwa sun fi karanta saƙon da ba sai sun gyara shi ba. In ba a karanta ba, sake turawa a shiri na gaba, ka ambaci ranar da aka yi maganar.

In kuwa kai aka taɓa, ko sana'arka, ko ƙungiyarku, ko unguwarku, to ka wuce mai gabatarwa. Rubuta wasiƙa zuwa ga manajan shirye-shirye, ka aika kwafi ga babban manajan tashar. Kundin ƙa'idojin NBC ya tanadi haƙƙin mayar da martani ga wanda aka faɗi abin da ba daidai ba a kansa, ya kuma wajabta wa tashoshi ajiye naɗin abin da suka watsa na wani lokaci, don haka kada ka bari makonni su shuɗe. A wasiƙar ka sa sunan shirin, rana da lokaci, ainihin kalaman, dalilin da ya sa ba daidai ba ne, kwafin hujjarka, da abin da kake nema: gyara a cikin shirin, ko a ba ka fili daidai da wanda aka yi maganar a cikinsa. Shafi ɗaya ya isa. Kai ta da hannunka, a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka.

In tasha ta yi biris, NBC tana da ofishin shiyya a nan Kaduna, kai musu kwafin wasiƙar da naɗin muryar. A watan Mayu na 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa hukumar ba kotu ba ce da za ta riƙa cin tara, amma har yanzu ita ke da alhakin sa ido a kan tashoshi da lasisinsu, kuma babu manajan da ke son takardar tuhuma daga gare ta. In korafin a kan halin ɗan jaridar ne shi kansa, kamar neman kuɗi kafin ya sa labari ko kafin ya janye shi, rubuta wa reshen jiha na Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Najeriya, wato NUJ. Kotu ita ce ta ƙarshe, ga tsada ga jinkiri, kuma kafin ka doshe ta ka nuna wa lauya naɗin da wasiƙun ya gaya maka ko abin da aka faɗa ya kai ɓata suna a idon doka.